Inda Jaki Ya Ƙi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana, mahaifin innata, ya rasu da sanyin safiyar wata Talata, bayan ya idar da sallar asuba ya koma kan angarib ɗinsa, gadon nan na igiya, yana jiran jabana, wato gahawa. Da Inna ta kawo masa, ta tarar ya riga ya tafi, carbi a hannu, bakinsa a ɗan buɗe kamar mai shirin gyara wa wani magana. Na rubuta wannan don kada a manta da shi, ko da yake a ƙauyenmu na kusa da Wad Haddad mantawa da shi zai yi wuya. Ba ka iya tashi daga ƙofar gidanka ka je gonarka ba tare da ka taka wani wuri da ya raɗa wa suna ba.

Kafin hantsi gida ya cika. Mata a tsakar gida, maza a waje kan tabarmi, zana kawai ta raba mu, duk wanda ya iso sai ya ɗaga hannu a yi Fatiha. Kuka ake yi na gaske, amma kukan ya kasa zama wuri ɗaya. Wata tsohuwa daga ƙauyen gaba ta shigo tana rusa kuka, aka tambaye ta ta ina ta biyo har ta iso da wuri haka. Ta ce, "Ta Wandon Malam na ƙetaro, na ɓullo ta Bature Ya Tura." Da ta ji abin da bakinta ya faɗa sai dariya ta kufce mata, ta toshe ta da mayafi, ta koma kukanta.

Ta jikin zana na ji maƙwabcin gonarmu. Shekara ashirin ke nan ana kiran hawasharsa, wato gonar da hukuma ta yanka masa, Gonar Barci, tun ranar da Kaka ya same shi yana minshari a gindin auduga ruwa na malala kan hanya. Ya yi Fatiha, ya share hawaye, sannan ya matsa kusa da liman ya rage murya.

"Allah gafarta Malam, in mai raɗa suna ya mutu, sunan yana binsa kabari?"

Liman ya ce, "Ka farka tukuna, sai mu duba littafi."

Kowa ya san wasiyyar Kaka, don ya fi shekara talatin yana maimaita ta, ko zazzaɓi ya kama shi ko ƙaya ta soke shi: "In na mutu ku kai ni Inda Jaki Ya Ƙi." Labarin ma kowa ya san shi. Sun taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa za su Makka, yana ɗan shekara goma sha biyu, da suka iso nan jakinsu ya kafe ya ƙi gaba, shi ke nan suka zauna har yau. Kawu Babba, babban ɗansa, ya saɓa gatari da shebur ya ce wa masu haƙa, "Mu tafi." Wani ya ce, "Ina?" Maza fiye da hamsin a kan tabarmi, kowa na kallon na kusa da shi. Ashe suna kawai muka sani, wurin ba wanda ya taɓa tambaya.

Liman ya dubi rana, wadda ta fara cizo tun ba a je ko'ina ba, ya ce, "Gawa ba ta jira a wannan zafi. Ku nemo wurin. In an kira la'asar ba ku same shi ba, makabartar gari za mu kai shi, Allah ya san mun yi ƙoƙari."

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane dalilin da suna yake da daraja a cikinta ba. Jazira, yankin da muke zaune, shimfiɗe take kamar tabarma. In ka tsaya a bakin tur'a, wato babban magudanar ruwa, idonka zai yi ta tafiya a kan auduga da dawa har ya gaji ya dawo bai ci karo da komai ba. Hukumar noma ta raba ta da lamba: wannan nimra tara, wancan nimra goma. Kaka bai taɓa yarda da lamba ba. Yakan ce, da harshensa na Sakkwatanci da bai sauya ba, "Ƙasar da ba a kira sunanta ba ta amsawa. Kai in anka ce maka goma sha huɗu, waiwayowa kaka yi?"

Saboda haka ya bi ta taku taku yana raɗa mata suna. Akwai Kwanar Gardama, inda surukai biyu suka wuni suna musu a kan wanda zai fara shayar da gona har ruwan ya wuce su duka. Akwai Mashayar Amare. Akwai Tsaunin Zakara, wani tarin laka da aka kwashe daga tur'a wanda bai kai gwiwar jaki ba. Kaka yana son tsaunuka ƙwarai, wataƙila don ba mu da ko ɗaya. Duk tudun da ya kai ka yi tuntuɓe, dutse ne a wurinsa.

Rigimarsa mafi tsawo da Kawu Babba ya yi ta, don Kawu shi ne mai buɗe ruwa, kansa cike da lambobi. Wata shekara ya aiko cewa ruwa zai zo nimra tara da safe. Kaka ya zauna a rumfa yana shan jabana, ruwa ya zo ya wuce, audugarsa ta langaɓe. Kawu ya shigo ransa a ɓace.

"Baba, ban aiko maka ba?"

"Ka aiko wa mai nimra tara. Allah shi ba shi sa'a. Ni gonata sunanta Haƙuri Da Surukai."

"Ai ita ce nimra tara!"

"To mi ya hana ka hwaɗin sunanta? Kunyarta kaka ji?"

Wata biyu ba su yi magana ba sai ta bakin Inna. Daga ƙarshe Kawu ne ya sauko, amma da dabararsa: yakan tsaya a ƙofar gida ya ce, "Ruwa zai zo gonar nan da ka sani."

Labarin da Kaka ya fi son bayarwa shi ne na wani mufattish, Bature mai duba gonaki, kafin Turawa su tafi. Ni ina goye a lokacin, amma na ji labarin har na iya launin hularsa. Motarsa ce ta kafe a laka, ya fito ya tura tare da manoma har jan fuskarsa ya ƙara ja, wurin ya zama Bature Ya Tura tun kafin motar ta fita. Da aka fassara masa sunan bai yi fushi ba. Ya zauna a kan tudun tur'a ya sa aka kira masa Kaka, suka yi hira da Larabci, kowa da irin karyayyen nasa.

Mufattish ɗin ya ce shi ba Baturen Ingilishi ba ne, daga wata ƙasa ce mai duwatsu a arewacinsu, inda hazo ke kwana a kan tsauni. Kakarsa tana da wani tsohon yare da ake kira Galik, kuma a cikin wannan yare kowane dutse da rafi da kwari yana da suna mai ma'ana. Ya lissafa masa: Baƙin Tafki, Jan Dutse, Tudun Awaki, Mashigin Shanu, Rafin Injin Niƙa.

Kaka ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, mutanenku ba su wahala. Dutse ja ne, sai ku ce Jan Dutse? Ba wanda ya taɓa hwaɗuwa a can? Ba wanda matatai ta kore shi?"

Baturen ya yi dariya har ya tuɓe hula. Ya ce akwai irin waɗannan ma, akwai tudun da ake kira da sunan wata mata da ta jira mijinta, akwai dutsen da aka yi sulhu a kansa. Amma masu zana taswira sun zo daga kudu, ba su jin yaren, suka rubuta abin da kunnensu ya ba su. Yanzu sunayen suna kan takarda, mutanen da suka san ma'anarsu kuwa sun watse, sun bar wa tumaki kwarin. Shi kansa, in ji shi, ya iya faɗin sunan dutsen da ke bayan gidan kakarsa, amma ba zai iya roƙon ruwan sha da yarenta ba.

In Kaka ya zo nan yakan dubi jikokinsa da ke wasa da Larabci a tsakar gida. Sannan ya ce, "Sai na ji tausayin bawan Allah. Na ce mishi, taso in ba ka dutse." Ya kai shi gaban tudun laka mafi girma a yankin, wanda ya kai ƙugun mutum, ya ce ya raɗa masa suna da yaren kakarsa. Baturen ya cire hula, ya kalli tudun da gaske kamar mai kallon gida, ya ce Ben Mor, wato Babban Dutse. Har yau Banmor muke ce masa. Awaki na hawa kansa da tsalle ɗaya.

Alherinsa kuwa, sai da na girma na gane shi. Akwai wata mashiga a tur'a inda ɗan wata gwauruwa ya nutse. Mutane suka riƙa kiran wurin da abin da ya faru a cikinsa, ba da mugunta ba, don dai a gane inda ake nufi. Matar ta daina bi ta nan, takan yi zagayen da ya kai tafiyar sa'a guda kafin ta je gonarta, kuma duk wanda ya yi kwatance a gabanta sai ya sake kashe mata ɗa. Ranar wata kasuwa, lokacin da hanya ta cika da jama'a, Kaka ya zo ƙetare wannan mashiga, shi da ya san kowane taku nata. Ya tuɓe wando ya ɗora a ka don kada ya jiƙe, ya kai tsakiya ya yi wani irin santsi da ba a taɓa ganin irinsa ba, wandon ya bi ruwa. Ya tsaya a ciki har wuya yana ihu a taimake shi, samari na bin wando da sanda, mata na faɗuwa don dariya. Kafin magariba wurin ya zama Wandon Malam. Bayan wata ɗaya aka ga gwauruwar ta ƙetare ta nan da kwandonta. Da na tambaye shi ko da gangan ya yi, sai ya harare ni ya ce, "Sabon wando ne fa, ke 'yar nan."

Ni Mufattisha yake ce mini, saboda littafin da nake yawo da shi. Tun da na shiga makarantar horon malamai a Madani, duk hutu nakan bi shi gona da gona ina rubuta sunayen da ma'anarsu. Yakan yi kamar abin bai dame shi ba, amma in na rufe littafin sai ya ce, "An tashi daga aiki ke nan? Gwamnati ta yi hasara." Ina son waɗannan tafiye-tafiye. Da yamma auduga takan yi fari kamar an shanya likkafanin duniya, balbelu na sauka a kan ruwa, shi kuma yana gaba yana kiran ƙasa da sunanta kamar mai gaida dangi.

To ranar rasuwarsa, dattawa suka rabu uku. Wani ya rantse Inda Jaki Ya Ƙi yana kan hanyar kasuwa, wani ya ce a Kwanar Gardama ne, suka tafi can suka tabbatar wa wurin sunansa. Na uku ya ce ai tun da aka haƙa tur'a ruwa ya cinye wurin. Kawu Ƙarami, direban lori wanda Hausarsa ta fi ta kowa rauni, ya kawo shawara.

"Ya jama'a, mas'alar basiɗa ce, ba wuya. A kawo jaki a sake shi. Inda ya ƙi, halas, nan ne."

Liman ya ce wannan ba ya cikin kowane littafi. Amma azahar ta gabato, sai aka aro jakin mai Gonar Barci. Aka kwance shi a ƙofar gidanmu, aka ce masa ya tafi. Ya dubi jama'a, ya sunkuyar da kai, ya ƙi ɗaga ko ƙafa ɗaya.

Kawu Babba ya ce, "To sai mu binne Baba a bakin ƙofa, kowa ya riƙa tsallake shi?"

Wani ya ce, "Jakin ya gaji mai shi ne, barci yake ji."

A nan ne Inna ta tuna da littafina. Aka kira ni bakin zana, Kawu Babba yana daga can gefe, muryarsa ta sauya. "'Yar nan, duba mana. In yana ciki, na yi alkawari ba zan ƙara cewa kina ɓata takarda ba."

Na san abin da zan gani tun kafin in buɗe. Sunan yana nan a saman shafi, da rubutuna mafi kyau, ƙarƙashinsa kuwa fari fat. Sau uku na tambayi Kaka inda wurin yake, sau uku yana cewa, "Kowa ya san shi," ya kawo wani zance. Na faɗa wa Kawu. Na ji ya ajiye shebur a ƙasa a hankali, kuma wannan ƙarar ta fi duk kukan ranar taɓa ni.

Na koma ɗaki na zauna kusa da Gwaggo, ƙanwar Kaka, wadda duk gidan muke kira haka. Ta makance shekaru da yawa, ba ta fita, kuma tun safe ana ta shigowa ana yi mata gaisuwa ba wanda ya gaya mata abin da ake ciki. Ta laluba ta kama hannuna.

"Wai mi aka jira? Sai ya yi wari?"

"Gwaggo, wurin da jakinku ya ƙi ake nema. Ba wanda ya san shi."

"Wane jaki?"

"Jakin da kuka zo da shi daga gida."

Ta yi tsaki mai tsawo. "Mu da jaki? Tun a Wadai munka sayar da shi munka ci. A ka munka ɗauko kayanmu."

"To wa ya ƙi tafiya?"

"Shi mana! Innarmu ta rasu nan, anka binne ta gindin wata aduwa mai rassa biyu tun daga ƙasa, kamar mutum ya ɗaga hannu. Ayari ya ce a tashi, shi ya rungume aduwar ya ƙi. Babanmu ya yi lallashi, ya yi duka, ya ce wanga yaro jaki ne. Kwana bakwai ana fama, ayari ya tahi ya bar mu. Makkar da ba mu je ba ke nan." Ta gyara zama. "Shekara saba'in ana zagin jakin da ba mu da shi."

"Gwaggo, me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Kuma ni yanzu ina na san inda aduwar take? Sun haƙa ruwa ko'ina, sun juya duniya."

Ni kuwa na sani. Bayan Banmor, a ƙetaren tur'a, akwai wani fili da ruwa ba ya kaiwa, ba a noma shi, da 'yan tsofaffin kaburburan matafiya da suka kusa shafewa. A gefensa akwai aduwa mai rassa biyu. Duk lokacin da muka bi ta nan, sai Kaka ya ce ƙaya ta shiga takalminsa. Ya zauna a gindinta ya tuɓe, ya daɗe yana lalube, bakinsa na motsi. Ban taɓa ganin ƙayar ba. Shi ne kaɗai wurin da na tambaye shi sunansa ya ce mini, "Wanga ba shi da suna, mu tahi." Mutumin da ya raɗa wa tarin laka suna! Na zauna da wandonsa a littafina shekara biyu, ban gane cewa ya taɓa yin irin wannan dabara tun da daɗewa ba, kuma kansa ya yi wa ita.

Na tashi da gudu har mayafina na faɗuwa. Na faɗa wa Kawu Babba ta jikin zana. Ya ce, "Bayan nimra ashirin da..." sai ya tsaya. Ya gyara murya, ya ɗaga ta yadda duk maza za su ji: "Ku bi ta Wandon Malam, ku wuce Banmor, ku ƙetare. Inda Jaki Ya Ƙi, gindin aduwa." Wannan ne karo na farko da na ji sunayen Kaka a bakinsa, kuma bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ashe duk ya san su.

An sa shi a ƙasa ana kiran la'asar, kamu kaɗan daga inda Gwaggo ta ce innarsu take. Mu mata muna gida. Da maza suka dawo na ga ba su da kayan haƙa, kuma mai Gonar Barci yana ta faɗa. Ashe jakinsa aka ɗora wa gatari da tulun ruwa, ya tafi lafiya lau, amma da aka gama aka ce a dawo sai ya kafe a gindin aduwa. An ja, an tura, an yi masa magana da Hausa da Larabci. Sai da rana ta faɗi ya dawo don kansa.

Da aka gaya wa Gwaggo, ta yi dariya har hawaye suka zubo daga idanun da ba sa gani. Ta ce, "To alhamdu lillahi. Yau dai ƙaryar yayana ta zama gaskiya."

Na cika shafin nan da ya daɗe fari. Na rubuta hanyar, na rubuta aduwar, na rubuta ma'anar kamar yadda Gwaggo ta ba ni, don kada wata rana mu zama kamar Baturen nan na ƙasar duwatsu, suna a baki, ma'ana ta tafi da tumaki. Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa sunayen da suka yi wa mutane zafi, ya saka masa da wandonsa. Allah ya sada shi da innarsa a inda ba za a ƙara ce masa ya tashi a tafi ba. Amin.